Kamuwa Da Son Makaɗan Fada Bayan Girma: Duba Ga Yammacin Zamfara

Gabatarwa

A fagen nazarin waƙar baka ta Hausa, hankalin masu bincike ya fi karkata ga abubuwa uku, watau makaɗi da ubangidansa da kuma matanin waƙar. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihin makaɗa da turke da salo, amma mai sauraro, wanda shi ne ke riƙe da waƙar bayan makaɗin da ubangidan duk sun kwanta dama, ba kasafai ake waiwayarsa ba. Wannan maƙala za ta dubi nau'i guda na mai sauraro, watau mutumin da waƙoƙin tsofaffin makaɗan fada ba su dame shi ba a lokacin samartakarsa, sai da ya girma ya ajiye iyali sa'an nan sonsu ya kama shi, kamu irin wanda ba ya saki. Za a yi zancen ne bisa yanayin yammacin Jihar Zamfara, ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, da ƙauyukansu irin su Tungar Guru.

Shi Tungar Guru ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Mutanen nesa ba su san sunansa ba sai a shekarar 2010, sa'ad da gubar dalma ta wajen aikin zinariya ta hallaka yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da shi. Ba don wannan aka ambace shi a nan ba. An ambace shi ne domin misali ne na wurin da babu babbar fada, babu gidan rediyo, babu jami'a, amma waƙar da aka tsara domin ƙofar sarki tana iya isa zaurensa cikin wayar hannu.

Makamancin Abin A Turai

A Ingila da Amurka akwai kiɗan da suke kira rok, wanda ƙungiyoyin samari suka yi tashe da shi da jita da ganguna, musamman daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Ƙungiyar Beatles ta watse tun 1970. Jagoran ƙungiyar Queen, Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya mutu a 1991, shekarar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya rasu. Duk da haka ƙungiyoyin nan ba su daina samun sababbin masoya ba, kuma fim ɗin da aka yi a kan rayuwar Mercury a 2018 ya jawo wa waƙoƙin Queen masu sauraro da yawa waɗanda ba su san zamaninsa ba. Idan magidanci ya tsunduma cikin son irin waɗannan ƙungiyoyi, a can akan ɗauki abin kamar baƙon al'amari, domin kuwa bincikensu ya nuna cewa son waƙa da wuri yake kafuwa. Morris Holbrook da Robert Schindler sun nuna a 1989 cewa mutum ya fi ƙaunar waƙoƙin da suka yi tashe yana ɗan shekara 24 ko kusa da haka. Daga baya, a 2013, Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da Justin Zupnick suka gano cewa ɗalibai kan ji shauƙi na musamman ga waƙoƙin zamanin samartakar iyayensu, watau waɗanda suka riƙa ji a gida suna yara.

Wannan bincike na biyu ya dace da abin da ake gani a ƙasar Hausa. Na farkon ne ke bukatar gyara, saboda akwai bambanci babba. Rok kiɗan samari ne da ya tsufa tare da masu shi, don haka wanda ya shige shi yana ɗan shekara arba'in ya zo ne a makare. Kiɗan fada kuwa tun asali ba a yi shi domin samari ba. Wanda ya kamu da son Narambaɗa bayan furfura ta fara leƙo masa bai makara ba, a kan kari ya zo.

Waƙar Da Ba A Yi Wa Yaro Ba

A al'adar Hausa kowane rukunin jama'a da nasa kiɗan. Samari da 'yammata suna da kalangu a dandali, manoma suna da gangar noma, 'yan dambe suna da irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Kotso da taushi kuwa kayan kiɗan sarauta ne. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa har ya rasu a farkon shekarun 1960. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya kuwa rasu a 1973. Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo su ma masu kotso ne. Duk waɗannan mutanen ƙasar Zamfara ne, kuma waɗanda suke sauraronsu a lokacin nan sarakuna ne da hakimai da fadawa da malamai da attajirai, watau dattawan da suka san kan duniya. Makaɗi yakan auna maganarsa daidai da kunnen da zai ji ta.

Wannan ne ya sa saurayin da ya tashi da waƙoƙin fim, waɗanda suka bunƙasa bayan finafinan Hausa sun kankama a shekarun 1990, idan ya ji Narambaɗa ba abin da yake ji sai hayaniya. Ya saba da murya ɗaya ko biyu a kan kiɗan fiyano, da zancen soyayya wanda ba ya bukatar fassara. A waƙar fada kuwa jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari daga nasu, sa'an nan duk su koma ga gindin waƙa, sanƙira kuma yana gefe yana zuba kirari. Ga shi kuma ɗaukar tsohuwa ce, muryoyi sun hau juna. Ana bukatar haƙuri kafin kunne ya iya rarrabe wannan saƙa, haƙuri kuwa ba kayan samari ba ne.

Amma ba kiɗan ne babban shinge ba, ma'anar ce. Waƙar fada ƙafa biyu take tafiya da su, yabo da zambo. Makaɗi yakan ɗaga ubangidansa ta hanyar asali da jaruntaka da kyauta da riƙon addini, sa'an nan ya juya kan 'yan uwan sarki da suka nemi sarautar suka rasa, ko masu jiran gado, ya yi musu kaca-kaca ba tare da ya kama suna ba. Yakan siffanta su da dabbobi, ko da wata tawaya ta jiki, ko da wani hali da kowa a fada ya san mai shi. Yaro ɗan shekara goma sha takwas yana iya yin dariya idan ya ji an kwatanta ɗan sarki da wata dabba, amma iyakarsa ke nan. Wanda ya zauna rabon gado ya ga yadda 'yan uba ke kallon juna, wanda aka yi shari'ar iyakar gona da shi, wanda ya nemi mai unguwa aka ba ƙanensa, wanda ya yi wa wani hidima shekara da shekaru aka juya masa baya, shi ne zai ji maganar ta soke shi, wani lokaci ma ya ga kamar da shi ake. A nan ne sirrin yake. Matanin bai canza ba tun ranar da aka ɗauke shi, mai sauraron ne rayuwa ta koya wa abin da ake nufi. Haka kuma zantukan da makaɗan nan ke yi a kan haƙuri da ƙaddara da juyin zamani da mutuwa, ga yaro karin magana ne kawai irin na tsofaffi, ga wanda ya binne mahaifi kuwa labarin gidansu ne.

Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana da wata gata a nan wadda ɗalibin Kano ko Zariya ba shi da ita, watau harshe. Makaɗan nan da Hausar yamma suka yi waƙa. Inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "suka" da "muka", su "sunka" da "munka" suke cewa. "Ya zo" na labari ya zama "yaz zo". "Gidansa" ya zama "gidanai". "Faɗi" ya zama "hwaɗi". "Ɗiya" kuma ta ɗauki ma'anar 'ya'ya. Ɗalibin jami'a yakan sha wahala wajen juyar irin wannan daga kaset zuwa takarda, har akan sami kurakurai a cikin kundayen digiri inda aka ji kalma ba daidai ba aka gina mata sharhi. Manomin Tungar Guru kuwa maganar kakarsa ce yake ji. Abin da ya rage masa shi ne tsofaffin kalmomi na sarauta da na doki da na yaƙi, waɗanda shi ma sai ya tambaya.

Hanyar Da Waƙar Ta Bi Ta Fito Daga Fada

Da, talaka ba ya jin makaɗin sarki sai a hawan salla, ko naɗin sarauta, ko idan hakimi ya fito rangadi. Rediyo ce ta fara rushe wannan katanga, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sa'an nan Rima Rediyo ta Sakkwato. Daga shekarun 1970 kaset ya bazu, kowa ya sami ikon ajiye makaɗin sarki a ɗakinsa, ya sa shi waƙa sa'ad da ya ga dama. Yawancin magidantan yau a wannan zamani suka ji waƙoƙin nan da farko, daga rediyon mahaifi, ko a teburin mai shayi, ko a cikin motar kasuwa. Sun ji amma ba su saurara ba. Wannan shi ne iri da aka binne, wanda binciken Cornell ɗin nan ya yi nuni gare shi.

Yau kuwa memori ne. Mutum ya kai wayarsa wurin masu tura waƙa a kasuwa, a zuba masa waƙoƙi ɗari a kan kuɗi kaɗan. Amfanin memori a karkara shi ne ba ya bukatar sabis. Ko a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga, abin da ke cikin memori bai tafi ko'ina ba.

Yadda Son Ke Kama Mutum

Ba safai abin ke zuwa da shiri ba. Sau da yawa wani dalili ne na rayuwa ke buɗe ƙofar. Wani rasuwar mahaifinsa ce, ya ji waƙar da tsohon ke so, sai ya kasa wucewa. Wani ci-rani ne ya kai shi Legas ko Sabon Ibadan, inda jin "munka" da "sunka" kaɗai ya isa ya tuna masa gida. Wani kuwa rashin zaman lafiya ne ya raba shi da ƙauyensu ya koma cikin garin Anka ko Gummi, ga dare mai tsawo ga tunani. Daga waƙa ɗaya akan fara, a yi ta maimaita ta har mutanen gida su gaji. Sa'an nan a shiga neman sauran waƙoƙin makaɗin, daga nan a tsallaka ga takwarorinsa.

Matakin da ya raba masoyi na haƙiƙa da mai jin daɗi kawai shi ne tambaya. Wane ne wannan da ake yabo? Ɗan wa ne? Da wa aka yi takara? Alal misali, sabon shiga idan ya ji Narambaɗa yana yabon Sarkin Gobir, sai ya ɗauka Bagobiri ne daga zuriyar Babari, wanda ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, cin da ya sa sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Sai ya bincika ya tarar Sarakunan Gobir na Isa daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka fito, sunan sarautar ne kawai na Gobir. Da ya gane haka, duk ambaton kakanni da ke cikin waƙar sai ya sami wurin zama. Haka nan mai sauraron Sa'idu Faru ba zai daɗe ba sai ya san cewa Sarkin Kudun da ake yi wa waƙa shi ne Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Talatar Mafara, ya zama Sarkin Musulmi a 1996, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2006. Ta haka mutumin da bai taɓa zama ajin tarihi ba yakan wayi gari da salsalar gidajen sarauta a kansa, ya san Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum ba sunaye ba ne kurum, kowanne da labarin da ke bayansa.

Daga nan sai gardama, wadda ita ce abincin masoya a ko'ina. Wane ya fi, Narambaɗa ko Ɗanƙwairo? Masu goyon bayan na farko sukan kafa hujja da zurfin magana, su kawo Bakandamiya, waƙar da shi kansa ya ɗauka a kan ita ce gagarabadau cikin waƙoƙinsa. Masu goyon bayan na biyu sukan kawo zaƙin murya da tsarin amshi da yawan fadojin da ya shiga, daga ta Sardauna Ahmadu Bello har zuwa Daura da Kano. Idan mutumin Mamman Shata ya shigo zauren, sai duk su haɗu a kansa su ce ai Shata makaɗin jama'a ne, ba a gwada shi da makaɗan fada. Ba a taɓa gama irin wannan gardama, kuma ba don a gama ake yin ta ba.

Abin Da Ke Cikin Son Na Ƙaya

Ba kowa ne zai yaba wa dattijo a kan wannan ɗabi'a ba. M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa maroƙi a tsarin zaman Hausawa yana ƙasa-ƙasa, ko da kuwa sarakuna na ba shi doki da riga. Ga kuma tsohon saɓanin malamai a kan kiɗa. Saboda haka magidancin da ake sa ran ya ƙara matsawa ga masallaci, idan aka ji kotso na tashi daga ɗakinsa, yakan sami mai yi masa magana. Amsar da masoya suka saba bayarwa ita ce, su magana suke saurare ba kiɗa ba. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake wanda ya ga yadda kansu ke kaɗawa idan 'yan amshi suka karɓa zai san ba ita ce gaskiyar duka ba.

Akwai wata ƙayar da ta fi wannan tsini. Waƙoƙin nan yabon masu mulki ne, kuma an yi yawancinsu a zamanin En'e, zamanin haraji da jangali da dogarai, lokacin da 'yan NEPU ke shan ɗauri. Sarkin da ke cikin waƙa garkuwa ne, ganuwa ne, mai tsare talakawansa ne daga maƙiya. Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi noma gonarsa, idan ya ji haka, ba mamaki ya ji kewar wani zamani da yake ganin akwai mai tsawatawa. Kewar tana da dalili, amma lalle ne a tuna cewa makaɗi ba marubucin tarihi ba ne. Abin da ubangida ke son ji shi yake faɗa, abin da ba ya so kuwa a bar shi. Ikon da ake yabo ma ya daɗe da raguwa, tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. Masoyin da ya nutsa ƙwarai yakan kai ga rarrabe tsakanin gwanintar makaɗi da gaskiyar abin da ya faɗa. Wanda bai kai nan ba yakan ɗauki zuga a matsayin shaida.

Matsayin Masoya Ga Mai Nazari

Malamai irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza sun yi aiki babba wajen tattara tarihin makaɗan nan da matanin waƙoƙinsu. Amma waƙoƙin da ke yawo a memori ba daga littafi suka fito ba. An kwafo su ne daga kaset, kaset ɗin ma daga wani kaset ko daga rediyo, don haka akan sami waƙa babu farko, ko an yanke ta a tsakiya inda kaset ya ƙare, ko an liƙa mata sunan wani makaɗi dabam. Mai tura waƙa ba ruwansa, duk abin da ya ji kotso a ciki yana iya sa shi a jakar Ɗanƙwairo. Wanda ke gane irin wannan kuskure shi ne masoyin nan, domin ya san murya, ya san 'yan amshi, ya san akwai ɗan waƙar da ya ɓace tsakanin wannan da wancan saboda ya taɓa jin cikakkiyarta a wani wuri. Wasu ma sun san wanda aka yi wa zambo a waƙa kaza, sani na baka da suka samo daga dattawan da suka ga abin, wanda ba ko wane littafi ne zai yarda ya rubuta ba saboda jikokin mutumin suna raye. Ɗalibin da ke neman bayanin wata tsohuwar kalma, ko ainihin zubin wata waƙa, sau da yawa zai fi samun biyan bukata a zauren irin wannan mutum fiye da ɗakin karatu, sai dai ya auna abin da aka gaya masa, domin masoyi ba ya rasa son kai ga gwaninsa.

Abu ɗaya ne wanda ya zo da girma ba zai taɓa samu ba, shi ne ganin makaɗin da idonsa. Sauran abin da ya rage su ne magada. Kiɗan fada sana'ar gado ce: Ɗanƙwairo a wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koya, ya yi amshi a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna kafin ya ja ƙungiya, bayan rasuwarsa kuma 'ya'yansa suka ci gaba. Haka Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa a Yawuri. A kan magadan nan masoya sukan rabu biyu, kamar yadda masoyan Queen suka rabu sa'ad da sauran 'yan ƙungiyar suka ɗauki Adam Lambert yana ja musu waƙa daga 2011. Wasu sukan bi magadan duk inda aka ce za su yi wasa, domin a nan ne kaɗai za su ga yadda ake riƙe kotso da yadda jagora ke ba 'yan amshi hannu. Wasu kuwa sun fi son tsohuwar ɗauka da duk ƙararta da yankewarta, ko an gayyace su wurin biki ba sa zuwa.